Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Ilimi mai Zurfi, a madadin malamai mata na Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, Mai girma Gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai martaba Sultan, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban Jami'ar André Salifou, iyayenmu malamai, 'ya'yanmu ɗalibai.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da gajiyar hanya. Duk wanda ya taso daga Yamai ya ci kusan kilomita 900 kafin ya hango duwatsun Birni, ya cancanci ruwan sanyi kafin magana. Ka sauka a garin Sarki Tanimun, garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har zuwa 1926. Malamai mata na lise, wato babbar sakandare, da na jami'a su suka wakilta ni in yi maka maraba, suka kuma ɗora mini saƙo.

Tsawon hanyar nan da ka biyo shi ne farkon saƙon. Kafin a kafa jami'a a Damagaram a 2010, yarinyar da ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, a Magariya ko Gure ko Tanut, sai ta nufi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Uba nawa ne zai saki 'yarsa budurwa ta yi wannan nisa, ba dangi, ba masauki? Da yawa sun rataye takardar bak a ɗaki, aka ɗaura musu aure. Da jami'a ta zo ƙofar gida, iyayen nan da ake cewa ba sa son karatun mata, su da kansu suka riƙa rako 'ya'yansu wurin rajista.

Mun ji mahawarar da ake yi: a ware wa 'yan mata kaso na musamman a wurin shiga jami'a, ko a bar cancanta kaɗai ta yi hukunci. Masu son kaso suna da hujja, kuma mu ba za mu raina ta ba. Dokar kaso ta 2000 ta tanadar wa mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗin muƙamai, aka ɗaga su zuwa 25 da 30 a 2019. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikinta, ta 2004 kuwa mata 14. Da ba don doka ba, da jam'iyyu ba su sa su a jerin 'yan takara ba.

Sai dai kujerar majalisa wakilci ce, kujerar aji kuwa horo ce. Yarinyar da za ta shiga sashen ilimin lafiya, gobe ita za ta tsaya kan mace mai naƙuda da tsakar dare. Idan aka sassauta mata makin shiga tun a ƙofa, mun cuci mai naƙudar, mun kuma cuci ita kanta, don har ta yi ritaya za a riƙa nuna ta ana cewa alfarma aka yi mata. Har waɗanda suka shiga da ƙwazonsu wannan tabo zai shafa. Mu da muke gyaran takardun jarrabawa mun sani sarai, 'ya'yanmu mata suna haye makin cin jarrabawa na 10 cikin 20 ba tare da an tallabe su ba. Ba mu roƙon a sassauta musu ko rabin maki.

Ga masu cewa cancanta kawai, su ma muna da tambaya. A ina sauran 'yan matan suka tsaya? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar ƙauye ta gama firamare, kwaleji na can wani gari, sai a ajiye ta gidan wani a matsayin riƙo. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce daka, ita ce talla, ta zo aji tana gyangyaɗi. Ta faɗi sau biyu a kore ta. Wannan yarinya ba ta taɓa zuwa ƙofar jami'a ba balle a auna cancantarta. Ware mata gurbi a jami'a fafe gora ne ranar tafiya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, in za a yi kaso, a yi shi a gadon kwana da kuɗin tallafi. A ware wa ɗalibai mata rabonsu na ɗakunan kwanan jami'a, a fara da waɗanda suka fito daga nesa, domin tambayar farko da uba ke yi mana ita ce ina 'yarsa za ta kwana. A duba tallafin ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ya riƙa isowa kan lokaci, don yarinyar da ta rasa kuɗin abinci ba ta da zaɓin da ɗan'uwanta namiji yake da shi na fita kabu-kabu da dare. A yi wa ɗalibai masu goyo wurin ajiye yara kusa da azuzuwa. Muna kuma roƙon ka yi magana da takwaranka na ilimin ƙasa kan gidajen kwanan 'yan mata irin na Kelle, a yawaita su, a kuma aiwatar da dokar 2017 mai kare yarinyar da ke karatu, har a ƙauyen da ba mota ke zuwa. Malaman lissafi da kimiyya ma a kai su lise na karkara, don 'yan mata su sami ƙarfin zaɓar sashen C da D na lissafi da kimiyya.

Bayan wannan zama, ɗalibanmu mata suna so su zaga da kai ka ga inda suke kwana da inda suke karatu. Muna roƙon ka ba su wannan lokaci, ka ji daga bakinsu.

Allah ya sa ka zo a sa'a, ya yi maka jagora a aikin da aka ɗora maka, ya maida kai da tawagarka Yamai lafiya. Wassalamu alaikum.