La'adar Teburin Poker: Wa Ke Biya, Wa Ake Mayar Wa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku daga bakin teku a Siliyema, a tsibirin Malta, kuma a cikin dogayen benayen da kuke hange a bayana akwai ofisoshin kamfanonin caca na intanet. Tun shekarar 2004 ƙasar nan ta yi dokar ba irin waɗannan kamfanoni lasisi, shi ya sa da wuya mutum ya zauna a nan bai yi maƙwabtaka da mai cin abinci a harkar ba. Ni aikina lissafin kuɗi ne a wani kamfanin jigilar kaya, ba na yin caca, ba na kuma kiran kowa gare ta, domin hukuncinta a addininmu ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne saƙon wani ƙanenmu da ke karatu a Jamus, wanda ya ce yana buga wasan kartar nan da ake kira poker a wayarsa, yana ganin cin da yake yi ya kai asarar da yake yi, amma kullum kuɗin asusunsa raguwa suke. Amsar tana cikin lissafi, kuma lissafin ne ya kai ni ga tambayar da masu wasan da kamfanonin suka shafe shekaru suna jayayya a kanta: yaya za a yi yankan da gida, wato kamfanin da ke shirya wasan, ke yi da ladan da yake mayarwa su zama na adalci?

A poker gida ba ya wasa da kowa. 'Yan wasa ne suke cin junansu, shi kuwa kamfani nasa shi ne la'ada, wato wani kaso da yake yanka daga kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur kafin ya miƙa wa wanda ya ci. Yawanci kason yana wajen kashi 5 cikin 100, kuma akwai iyakar da ba ya wucewa a zagaye ɗaya, misali dala 3. A gasa kuwa ana karɓar la'adar tun wajen shiga, inda za ka ga an rubuta dala 100 da ƙarin 9, ɗarin ta shiga kuɗin kyauta, tarar ta shiga aljihun gida. Dillalin kasuwar shanu sau ɗaya yake karɓar la'ada a kan sa, a gaban mai saye da mai sayarwa, kowa yana gani. A nan kuwa kuɗi ɗaya ne ake ta yanka, duk lokacin da suka je tsakiyar tebur suka dawo sai sun rage tsawo.

Mu ƙaddara mutum shida ne a tebur, kowa ya zo da dala 100, jimilla 600 ke nan. A intanet babu mai shafa karta da hannu, saboda haka tebur ɗaya yana iya yin zagaye 75 a awa guda. Idan ana yankar santi 40 a kowane zagaye, dala 30 ce take fita a kowace awa, kuma bayan awa biyar dala 150 ta bar teburin, wato rubu'in duk abin da suka zo da shi. Ko da ƙwarewarsu ɗaya ce kuma sa'a ta raba musu daidai, kowannensu zai tashi da dala 75. Wannan shi ne abin da yake cin asusun ƙanenmu na Jamus, kuma ba ya ganinsa saboda an riga an cire kafin a nuna masa abin da ya ci.

Rashin adalci na farko yana cikin iyakar nan da na ambata. A babban tebur, inda kuɗin tsakiya kan kai dala 2,000, yankan dala 3 bai kai ko kashi 1 cikin 500 ba. A ƙaramin tebur, inda tsakiyar ba ta wuce dala 10, da wuya a taɓa iyakar, don haka cikakken kashi 5 ake yanka kusan kowane lokaci. Gaskiya ne kamfanoni suna rage iyakar a ƙananan tebura, amma ragin bai kai gwargwadon ƙanƙantar zubin ba. Sakamakon shi ne, wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi da ƙarancin sanin wasan shi ne yake biyan kaso mafi tsada, kuma akwai ƙananan tebura da ko ƙwararre sai ya yi da gaske kafin cinsa ya rufe la'adar, balle sabon shiga.

Sai maganar lada, wato abin da gida yake mayar wa ɗan wasa daga la'adar da ya biya. Asalinsa gasa ce tsakanin kamfanoni. Bayan da wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya shiga ta ƙaramar gasa a dandalin poker na intanet mai suna PokerStars ya je ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003, jama'a suka yi tururuwa zuwa intanet, kamfanoni kuma suka shiga zawarcin masu yawan wasa domin tebura su kasance a cike dare da rana. Full Tilt, alal misali, ya yi suna da mayar da kashi 27 cikin 100. Sai dai kafin a mayar wa mutum wani abu, dole a fara yanke hukuncin nawa ya biya, kuma a nan ne rigima ta farko ta tashi. A tsohon tsari, idan an yanki dala 3 a tebur mai mutum shida, sai a rubuta wa kowa santi 50, har da wanda ya dubi kartarsa ya ajiye bai zuba ko sisi ba. Wannan ya haifar da wasu 'yan wasa da sana'arsu ita ce buɗe tebura goma sha biyu ko ashirin a lokaci guda, suna ajiye karta kusan ko yaushe, suna tara lada a kan la'adar da wasu suka biya. A farkon 2012 PokerStars ya koma lissafa wa kowa gwargwadon abin da ya zuba a tsakiya. Masu yawan wasa sun yi ƙorafi, amma a ganina gyara ne da ya dace, domin wanda aka yanki kuɗinsa shi ya cancanci a mayar wa.

Rigima ta biyu ta fi wannan zafi, kuma a nan ba na goyon bayan kamfanin. A wancan lokaci PokerStars yana da wani matsayi na ƙoli mai suna Supernova Elite, wanda sai mutum ya tara maki miliyan ɗaya a shekara guda yake kai shi, abin da ke nufin biyan la'adar da ta tasam ma dala 180,000, a mayar masa da fiye da rabi. Wani ɓangare na amfanin matsayin a shekarar da ke biye ake cin sa. A 2014 kamfanin Amaya na Kanada ya sayi PokerStars da Full Tilt a kan dala biliyan 4.9, kuma a watan Nuwamba na 2015 aka ba da sanarwar cewa za a zaftare ladan daga Janairun 2016. Mutanen da suka shafe wata goma suna biyan la'ada bisa alkawarin da aka rubuta musu sai suka wayi gari an canza sharaɗin bayan sun gama biya. Suka yi yajin wasa na kwana uku a farkon Disamba, wani fitaccen ɗan wasa mai suna Isaac Haxton ya ajiye matsayinsa na jakadan kamfanin, amma ba a janye ba. Ko da tsarin yana da illa, kuma yana da ita, hanyar da ta dace ita ce a sanar tun kafin shekara ta fara, a cika wa waɗanda suka riga suka biya, sannan a rufe ƙofa.

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce, ya kamata a faɗe ta. Kuɗin da ke yawo a wasan daga aljihun masu wasa don nishaɗi suke fitowa, waɗanda suke zubawa su yi asara, alhali ladan yana tafiya ga ƙwararrun da suke cinye su suna kwashe kuɗin zuwa banki. Daniel Negreanu, wanda a lokacin shi ne fuskar PokerStars, ya taɓa bayyana cewa la'ada mai tsada tana korar ƙwararru, wanda hakan ke sassauta wa masu nishaɗi, kuma an daɗe ana yi masa gori da wannan magana. Inda hujjar ta karye shi ne, kuɗin da aka ƙwace daga ƙwararru ba a rage wa ƙaramin ɗan wasa la'ada da su ba. Abin da aka kawo a 2017 shi ne akwatunan kyauta da mutum zai buɗe bai san abin da ke ciki ba, kuma abin da za a ba shi ya danganta da yadda na'ura ta kimanta shi. Dandalin GGPoker kuwa, wanda a 2024 kamfaninsa ya sayi sunan babbar gasar Las Vegas a kan dala miliyan 500, ya yi ta tallar mayar da har kashi 60, amma ya riƙa ninka makin kowa da wani ma'auni na ƙimar ɗan wasa wanda ba a bayyana yadda ake lissafa shi ba. Mutum biyu za su biya la'ada ɗaya, a mayar musu da abu daban, kuma babu wanda zai iya zama da biro da takarda ya tabbatar an ba shi haƙƙinsa. A wurin akawu, lissafin da mai biya ba zai iya maimaitawa da kansa ba, ba a kiransa lissafi.

Akwai wata illa da masu jayayya a kan kashi nawa za a mayar ba su cika kulawa da ita ba. Wani saurayi da muke haya a bene ɗaya ya taɓa nuna mini allon kwamfutarsa a daren ƙarshe na wata. Tebura tara ne a jere, kowanne yana ƙyaftawa yana jiran ya danna, a gefe kuma akwai wata 'yar sanda mai launin zinare da ta kusa cika, an rubuta masa saura maki kaɗan ya haye mataki na gaba kafin ƙarfe goma sha biyu. Idanunsa sun yi ja, shayinsa ya huce, kuma da bakinsa ya ce ya san wasan da yake bugawa a wannan hali ba shi da kyau, amma ba zai bar matakin ya kuɓuce masa ba. Kyautar da yake bi ba ta kai abin da ya zubar a daren ba. Duk ladan da aka ɗaure da mataki da wa'adi, aikinsa shi ne hana mutum tashi a lokacin da ya kamata ya tashi. Hukumar kula da caca ta Birtaniya ta hango wani ɓangare na wannan, shi ya sa a 2020 ta tsaurara sharuɗan sanya mutum cikin manyan baƙi na musamman, har da bincika ko yana da halin kuɗin da yake kashewa.

To, mene ne gyaran? A ganina mafi sauƙinsa shi ne wanda kamfanoni suka fi gudu, wato a rage yankan tun daga tushe maimakon a yanka da yawa a dawo da kaɗan cikin ganga da kalangu. Idan kamfani zai iya mayar da kashi 30 na la'ada, to zai iya rage la'adar da kashi 30 ga kowa, ba tare da mataki ko akwati ba. Kuma iyakar yanka ya kamata a auna ta da girman zubin tebur, ta yadda ƙaramin tebur ba zai fi babba tsada ba, ko ma ya fi shi araha, tunda nan ne sababbi suke. Haka nan zagayen da aka gama shi kafin a buɗe kartar tsakiya bai kamata a yanke shi ba, ƙa'idar da gidaje da yawa suke bi, amma wasu suka fara yi mata ƙwange. Idan kuma lallai kamfani yana son fifita masu nishaɗi a kan ƙwararru, yana da damar yin haka, sai dai ya rubuta ƙa'idar a fili kowa ya karanta.

An gwada wani abu makamancin haka. Phil Galfond, ƙwararren ɗan wasa ɗan Amurka, ya buɗe Run It Once Poker a 2019, inda ake ɗaukar kashi 51 na la'ada a riƙa watsa shi cikin kuɗin tsakiya a zagayen da ba wanda ya san lokacinsa, ta yadda mai wasan awa ɗaya da mai wasan awa goma damarsu ɗaya ce a kowane zagaye. An yaba wa tsarin, amma a farkon 2022 aka rufe dandalin, domin mutane inda jama'a suke nan suke zuwa, kuma tebur mai adalci da babu kowa a kansa ba ya riƙe kamfani. Wannan ne ya sa ba na tsammanin gasa tsakanin kamfanoni ita kaɗai za ta gyara lamarin. Manya biyu ko uku ne suke riƙe da yawancin 'yan wasa, kuma babu abin da zai tilasta musu rage abin da suke ci.

Saura hukumomin da ke ba da lasisi, irin ta nan Malta da ta Birtaniya. Ba sai sun ƙayyade wa kamfani kashi nawa zai yanka ba. Tun 2021 Birtaniya ta wajabta wa wasannin injin caca na intanet su riƙa nuna wa mai wasa tsawon lokacin da ya ɓata da jimillar abin da ya ci ko ya yi asara, kuma irin wannan za a iya yi wa poker. A ƙarshen kowane zama, da kuma ƙarshen kowane wata, a fito wa mutum da layi uku: ga abin da ka ci ko ka rasa a hannun sauran 'yan wasa, ga la'adar da aka yanka daga kuɗinka, ga abin da aka mayar maka da yadda aka lissafa shi. A haɗa da sharaɗin cewa ba a canza alkawarin lada ga wanda ya riga ya fara biya a kansa. Bayanan duk suna cikin na'urorin kamfanonin, da su suke kimanta kowane ɗan wasa, don haka fito da su ba zai ci musu wani kuɗi ba. Ƙanenmu na Jamus na ce masa ya nemi tarihin wasanninsa na wata uku daga dandalin da yake amfani da shi, ya tara layin la'ada shi kaɗai, ya kwatanta da kuɗin hayar ɗakinsa. Na gode da kuka saurare ni, sai wani jiƙon.