Laccar da aka yi a Jos kan fayil ɗin shafin intanet da yake ƙin buɗewa

An rubuto wannan daga rikodin ɗin laccar da wani mai kafe na intanet ya yi wa matasa masu koyon kwamfuta a Jos ranar wata Asabar. An cire gaisuwar farko da wuraren da sauti bai fita ba.

To jama'a, kowa ya matso gaba, na baya ku rufe mana tagar nan, sanyin Jos ba ya jin lacca. Abin da zan yi magana a kai yau ƙaramin abu ne amma wallahi a shagona kusan kullum sai ya haɗa ni da kwastoma. Mutum zai shigo ya ce oga an turo min takarda a WhatsApp ka firinta min, in ka duba sai ka ga ba PDF ba ne, ba hoto ba ne, wani abu ne sunansa ya ƙare da .mht ko .mhtml ko kuma .webarchive. A taɓa ya ƙi buɗewa. Shi kenan sai ya ce fayil ɗin ya lalace. Ni kuma abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wanda ya riƙe shi ne bai san mene ne a hannunsa ba.

Bari in fara da yadda shafi yake. Shafin da kake gani a burauza ba abu ɗaya ba ne, rubutun daban, hotuna daban, abin da ke tsara kala da girman rubutu daban, kowanne daga inda yake zaune ake ɗebo shi a haɗa maka a fuska. Shi ya sa in ka danna Ctrl da S a Chrome ka zaɓi wanda aka rubuta "Webpage, Complete", zai ba ka fayil ɗaya da kuma folda a gefensa mai ƙarewa da _files. Nan ake yin ɓarna. Yaro ya kwafi fayil ɗin a filashi ya bar foldar a gida, ya zo shago a buɗe, rubutu ya fito tsirara, hotuna duk sun zama ɗan akwati babu komai. Ka ɗauko tuwo ka bar miya ke nan.

Don a kauce wa wannan aka yi MHTML, wato .mht ko .mhtml ɗin nan, mai haɗa komai a fayil ɗaya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, an aro ta ne daga imel. Ai kun san in za ka tura imel da hoto, rubutun da hoton a ƙunshi ɗaya suke tafiya, tsarin ana ce masa MIME. To sai aka ce me zai hana a ƙunshe shafin intanet haka? An fitar da ƙa'idar da ake bi a 1999, sunanta RFC 2557, kuma Internet Explorer 5 na Microsoft a shekarar ya fara ajiye shafi da .mht. Wasunku ba a haife su ba ma. Saboda haka fayil ɗin .mht wasiƙa ce a cikin ambulan, ba wani abu ba. Ku riƙe wannan don zai yi mana amfani an jima.

Ku duba allo. Na buɗe ɗaya da Notepad, ba da burauza ba. Kun ga layin farko? "From: Saved by Blink". Blink ɗin nan injin da Chrome da Edge suke tafiya a kai ne, da ka gan shi ka san daga gidansu fayil ɗin ya fito. Ƙasa kaɗan ga multipart/related, ga kuma boundary, wato layin da ke raba kaya da kaya a cikin ambulan ɗin. In muka gangara, kun ga wannan tarin haruffan da ba su da kai ba su da gindi? Hoto ne. An mai da shi rubutu ta hanyar da ake kira base64, kuma hakan na ƙara masa nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa wani lokaci za ka ga shafi ɗan ƙarami amma fayil ɗinsa ya cinye maka data. Sannan ga abin da ya shafe mu mu Hausawa: inda aka rubuta ƙ za ka ga =C6=99, inda aka rubuta ɗ za ka ga =C9=97. Ba lalacewa ba ce, haka ake ɓoye su a ciki, burauza ce ke mai da su daidai. Amma in ka buɗe a wani tsohon furogiram da bai gane UTF-8 ba, wato tsarin da ake ajiye haruffan da shi, sai kalmar ƙasa ta koma Æ™asa. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min haka ta ce aljanu sun shiga rubutunta. Na ce hajiya ba aljanu ba ne, fassarar haruffa ce ta kuskure.

To wa ke buɗe wa? A kwamfuta mai Windows, Chrome da Edge duk suna buɗe .mht da .mhtml. In ka danna sau biyu bai buɗe ba, kar ka wahalar da kanka, ja fayil ɗin da maus ka saka shi a cikin burauzar kawai. Internet Explorer kam ku manta da shi, Microsoft sun yi masa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Firefox ba ya buɗewa da kansa, da can akwai ƙarin da ake sa masa amma tun da suka canza tsari a 2017 waɗancan suka daina aiki. Microsoft Word ma yana buɗe .mht, sai dai yakan hargitsa tsarin shafin, in rubutun kawai kake so to ya wadatar.

Ga dabarar da na ce ku riƙe. Tunda wasiƙa ce, in komai ya ƙi, ka canza ƙarshen sunan daga .mht zuwa .eml ka buɗe da manhajar imel irin Thunderbird. Zai fito kamar saƙo. Amma fa sai ka sa Windows ya nuna maka ƙarshen sunaye tukuna, don a ɓoye yake barin su, in ba haka ba za ka yi ta canza suna kana samun kaza.eml.mht kana mamaki.

Waya kuma. A Android in ka danna ɗigo ukun nan na Chrome ka taɓa kibiyar da ta kalli ƙasa, shafin da ya sauke maka .mhtml ne, mutane da yawa ba su ma san abin da suka ajiye ke nan ba. A wayarka yana buɗewa lafiya lau daga wurin daunlod na Chrome. Matsalar sai ka tura wa wani. Shi in ya taɓa a cikin WhatsApp wayar ta tambaye shi da me za a buɗe, sai ya zaɓi manhajar karanta PDF, ta ce ba ta gane ba. Ya zaɓi Chrome in ya fito a jerin. In bai fito ba ya ajiye fayil ɗin a waya ya nemo shi ta manhajar fayil.

Masu iPhone, ina kuke? Na ga hannu biyu can. Ku naku daban ne kamar kullum. Apple suna da nasu, .webarchive, na Safari, tun 2005. Shi ba wasiƙa ba ne, in ka buɗe shi da Notepad za ka ga ya fara da bplist00 sai tarkace. Chrome na Windows ba ya karanta shi, canza masa suna zuwa .mht kuma ba ya yin komai, kamar ka rubuta shinkafa a buhun gero ne. Shi sai Safari. Haka nan in aka turo wa mai iPhone .mht, sai ya sauke wata manhaja ta daban kafin ya gani. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa tun daga Farin Gada da rasit ɗin biyan kuɗinsa a .webarchive, yayarsa ce ta yi masa seb a wayarta ta turo, ga shi a ranar za a rufe karɓa. Mun fi minti talatin muna fama, ƙarshe dai kiranta muka yi ta sake buɗe shafin ta mai da shi PDF, minti biyu aka gama. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce, da wace waya aka yi shi?

Akwai masu loda irin wannan a shafukan da ke canza fayil kyauta. Ni dai ba na so. Rasit mai sunanka da lambarka ka miƙa wa wanda ba ka sani ba? In labarin jarida ne, to babu laifi.

Na'am, ɗan'uwa, ɗaga murya. Yana tambaya ne wai ya buɗe amma rabin hotunan babu. Yawwa, wannan tun wurin seb aka yi kuskuren. Shafukan yanzu ba sa ɗebo hoto sai ka gangaro kusa da shi, don kar su cinye data. In ka yi seb kana sama, na ƙasan ba su iso ba balle a ƙunshe su. Ka gangara har ƙarshe a hankali, komai ya fito, sannan ka ajiye. Kuma da ka gama ka kashe data ka buɗe ka gani, in ya fito cikakke ba netwok to ka ajiye da gaske. Bidiyo kam kar ka sa rai. Maɓallan da ake dannawa su ma ba za su yi aiki ba don Chrome yana kashe JavaScript, wato abin da ke sa maɓallan aiki, a cikin irin wannan fayil, da gangan, saboda tsaro. Kuma suna da gaskiya, an sha amfani da .mht wurin kai wa mutane hari musamman ta Internet Explorer, don haka in baƙuwar lamba ta turo maka shi wai ka ci kyauta, goge shi kawai.

Malama, ke ce ta ƙarshe, lokacin salla ya matso. Wanne ya fi? To in don kanki za ki ajiye a kwamfuta, akwai ƙarin burauza mai suna SingleFile, yana aiki a Chrome da Firefox da Edge, yana cusa hotunan duka a cikin .html guda ɗaya, shi kuma kowace burauza tana buɗe shi. In kuwa wani za ki tura wa ko za a kawo mana mu firinta, Ctrl da P, ki zaɓi ajiyewa a PDF. A waya ma akwai shi a wurin firintin. Waɗanda suka zo da filashi su biyo ni bayan salla mu gwada nasu ɗaya bayan ɗaya, amma sai na yi wa filashin sikanin ɗin bairos tukuna.