Amsoshin Tambayoyinku: Trevor Noah, ɗan Soweto da ya shekara 7 yana yi wa Amurka shaguɓe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon wasiƙu uku ne suka faɗo a kan mutum ɗaya, don haka muka haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani mai sauraronmu ne a Damagaram. Ya ce: "Ina yawan ganin bidiyon wani matashi mai suna Trevor Noah a Facebook yana zaune a bayan tebur, yana magana mutane na dariya. Ɗan jarida ne ko ɗan wasa? Kuma da gaske ne ɗan Afirka ne?"

To Malam, ɗan Afirka ne gaba da baya. An haife shi ranar 20 ga Fabrairun 1984 a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa, Patricia Noah, baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, mahaifinsa kuma Bature ne ɗan ƙasar Suwizalan. A yau wannan ba abin a tsaya ana magana ba ne, amma a wancan lokacin laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Gwamnatin wariyar launin fata tana da doka, wadda asalinta ya faro tun 1927, da ta haramta tarayya tsakanin farar fata da baƙar fata, kuma ba a soke ta ba sai 1985. Ka ga ke nan yaron da kansa shi ne shaidar laifin iyayensa. Shi ya sa da ya tashi rubuta tarihin ƙuruciyarsa a 2016 ya sa wa littafin suna Born a Crime, wato haihuwarsa ma laifi ce.

Abubuwan da ya ba da labari a ciki akwai ban dariya, akwai ban tausayi. In za a fita, uban ba ya jerawa da su a titi. Uwar kuwa wani lokaci sai ta samo wata mata mai hasken fata irin nasa ta riƙe masa hannu, ita ta biyo su a baya kamar 'yar aiki. A gidan kakarsa a Soweto ba a barinsa ya fita wasa da yaran unguwa, don kada 'yan sanda su gan shi su tafi da shi. Kuma in yaran gida sun yi ɓarna, kakar takan zane sauran jikokin ta ƙyale shi, don a cewarta ba ta san yadda ake dukan ɗan Bature ba, tana taɓa shi sai jikinsa ya canja launi. Uwar ce kawai ba ta ɗaga masa ƙafa. Mace ce mai tsananin riƙo da addininta na Kirista, coci uku take jan sa su je ranar Lahadi.

Yaron da bai zama Bature ba, kuma baƙaƙe ba su ɗauke shi nasu kai tsaye ba, da me zai shiga cikin mutane? Da baki. Ya iya Turanci da Xhosa da Zulu da Tswana da Tsonga da Afrikaans. Duk wanda ya tare shi da kallon baƙo, sai ya mayar masa da magana da harshensa, da irin karin muryarsa. A ganina nan sana'ar ta samo asali, don har gobe babban makaminsa shi ne kwaikwayon murya.

Batun ko ɗan jarida ne, a'a, ɗan wasan barkwanci ne. Ya fara da ɗan ƙaramin fitowa a wasan talabijin a 2002, ya yi aikin rediyo a tashar matasa ta YFM, daga nan ya koma tsayawa gaban jama'a da makirufo yana ba su dariya. Shirin da kake gani, The Daily Show, na tashar Comedy Central ne a birnin New York. An shirya ɗakin kamar na karanta labarai, kuma labaran na gaske ne, sai dai ana karanta su ne da zambo da habaici, sannan a gayyato baƙo a yi hira. Ƙarfe 11 na dare agogon can ake sa shi, Litinin zuwa Alhamis, wato wajen asuba ke nan a Najeriya da Nijar. Amurkawa sun daɗe da wannan al'ada ta shirin dare, tun shekarun 1950, kuma wani mai gabatarwa mai suna Johnny Carson shi kaɗai ya shekara 30 yana yin nasa shirin.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kumasi ta ƙasar Ghana. Ta ce: "Yaya aka yi baƙo ya samu wannan kujera alhali ga 'yan ƙasa? Kuma me ya yi wa Afirka da ita?"

Hajiya, su kansu Amurkawan sun yi wannan tambaya. Jon Stewart ne ya riƙe shirin daga 1999 zuwa 2015, har ya zama kamar gadon gidansu. Shi ya jawo Trevor cikin shirin a Disambar 2014. Sau uku kacal ya fito, sai a ƙarshen Maris na 2015 aka sanar cewa shi ne magaji, yana da shekara 31. Nan take mutane suka tono wasu tsofaffin saƙonninsa na Twitter da aka ga sun ci zarafin mata da Yahudawa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Tashar ta tsaya masa, ya hau kujera ranar 28 ga Satumban 2015. Farkon bai yi armashi ba, masu kallo a talabijin sun ragu, ana ta cewa rigar ta yi masa yawa. A intanet ya fanshe, inda gutsattsarin shirin suka riƙa yawo har suka iso wayoyinmu.

Abin da ya kawo wanda ɗan ƙasa ba zai iya kawowa ba shi ne idon baƙo. Ya riƙa kallon Amurka irin kallon da kafofin labaranta ke yi wa Afirka. A Oktoban 2015, lokacin da Donald Trump ke neman takara, Trevor ya jera maganganunsa na yabon kai kusa da na Idi Amin da Robert Mugabe da Yahya Jammeh da Gaddafi, ya ce ga shi nan, Amurka na dab da samun shugabanta na farko irin na Afirka. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, shi kuwa sai ya nuna musu wanda suke takawa. Ba kowa ne a Afirka ya ji daɗin wasan ba, don wasu na ganin da shugabannin nahiyar aka sake yin abin dariya a gaban Turawa, kuma ƙorafin nasu ba a banza yake ba.

Mu nan akwai fitowarsa da ta shafe mu kai tsaye. A Janairun 2015, mako guda aka yi kisan Baga a jihar Borno da harin da aka kai wa mujallar Charlie Hebdo a Paris, inda aka kashe mutum 12. Shugabannin duniya sun yi jerin gwano a Paris, Baga kuwa shiru kake ji. Trevor ya zauna gaban Jon Stewart ya ɗora batun Boko Haram a kan tebur, yana tambayar inda wannan zumuncin ya shige da abin ya zo kan Najeriya.

Sai rigimarsa da Faransa. Da ta ci kofin duniya a Yulin 2018, ya fito yana murna wai Afirka ce ta ci, saboda irin su Pogba mai tushe a Gini da Kante mai tushe a Mali da Mbappe wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne. Jakadan Faransa a Amurka, Gérard Araud, ya rubuto masa wasiƙa cewa 'yan wasan nan Faransawa ne, kuma kiransu 'yan Afirka tamkar kore su ne daga ƙasarsu. Trevor ya karanta wa 'yan kallo wasiƙar, ya ce me zai hana mutum ya zama duka biyun? Wanda ya san yadda aka haife shi ya san ba 'yan ƙwallo kaɗai yake karewa ba.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Garwa ta Kamaru: "Korarsa aka yi?"

Ba korarsa aka yi ba, ɗan'uwa. Shi da kansa ya sanar a gaban 'yan kallo a ƙarshen Satumban 2022 cewa zai tafi, ya kuma yi shirinsa na ƙarshe ranar 8 ga Disamba. Dalilin da ya bayar shi ne yana kewar yawon duniya da tsayawa gaban jama'a, musamman bayan zaman kullen korona, lokacin da ya koma gabatar da shirin daga gidansa. A daren bankwana ya keɓe godiya ta musamman ga mata baƙaƙen fata, ya ce su suka raine shi suka koya masa abin da ya sani. Kakar tasa ta rasu a watan Mayun 2022. Mahaifiyarsa kuwa ta tsallake rijiya da baya tun 2009, lokacin da tsohon mijinta ya harbe ta a ka, Allah ya yi da sauran kwananta a gaba.

Bayan tafiyarsa shirin ya daɗe babu tsayayyen mai gabatarwa, sai baƙi ke karɓa-karɓa, har Jon Stewart ya dawo a Fabrairun 2024 yana riƙe daren Litinin. Shi kuma Trevor ya ci gaba da wasanninsa ƙasa-ƙasa, da gabatar da bikin kyaututtukan waƙa na Grammy wanda ya fara gabatarwa a 2021, ga kuma gidauniyar da ya kafa a 2018 don tallafa wa ilimin yara a Afirka ta Kudu.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.