Kalmar da ta sa ni zuwa wurin masu wasa wuƙa a Sheffield

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwan da kuke ji, a bakin rafi nake tsaye. Yau Asabar, ba ni da aiki, shi ne na jawo ƙanina muka fito, wayar ma tana hannunsa. Auta, ɗan ɗaga ta su ga ginin. Yawwa. Wannan tsohon ɗakin dutsen da kuke gani shi ake kira Shepherd Wheel, a nan birnin Sheffield na Ingila, kan wani rafi mai suna Porter Brook. Abin da ya kawo ni nan kuwa kalma ɗaya ce ta Turanci, wato abrade, kuma sai da ta ba ni kunya kafin na san ta.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san aikin kula da tsofaffi nake yi. To, watannin baya wata dattijuwa da nake kula da ita ta goga hannu a jikin ƙarfen gado cikin dare, fatar wurin ta ɗan tashi, ta yi ja, jini kaɗan ya tsatso. A nan komai ƙanƙantar abu sai ka rubuta shi a takarda. Na ɗauki biro na rubuta cut, wato yanka. Da gari ya waye sai nas ɗin da ke sama da ni ta kira ni, ta ce me ya yanke ta? Na ce ai ba abin da ya yanke ta, gado ta goga. Ta ce to ba yanka ba ne, abrasion ne, in gyara. Idan takarda ta ce yanka, dole a tashi neman abu mai kaifi a ɗakin, a tambayi wanda ya bar shi, magana ta yi tsawo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da Hausa ba zan taɓa yin wannan kuskure ba. Yaron da ya faɗi daga keke ya gurje gwiwa, ba wanda zai ce ya yanke. Ƙujewa ya yi. Na san bambancin sarai tun ina ƙarami, Turancinsa ne kawai babu a bakina.

Da na koma gida na bincika, sai na ga abrasion suna ne, aikatau ɗinsa shi ne abrade. Ana furta shi kamar "abreid", nauyin yana kan gaɓar ƙarshe. Ma'anarsa abu ya ci jikin wani abu ta hanyar gogayya, yana ɗebe samansa kaɗan-kaɗan. Sai an samu abu biyu suna gugar juna. Ku tuna bakin tsohuwar rijiya a ƙauye, yadda igiyar guga take yin kwari a jikin itacen da aka gitta, har ka iya sa yatsa a ciki. Ba ranar da wani ya zo da wuƙa ya sassaƙa wurin. Yau da gobe ce, wadda aka ce ita ke sa allura ginin rijiya. Idan Bature zai faɗi abin da igiyar ta yi wa itacen, zai iya cewa the rope abraded the wood. Haka idan igiyar ta ƙuje maka tafin hannu, kalmar dai ita ce.

Asalinta daga Latin ne, ab da radere, wato kankarewa a kawar. Daga wannan radere ɗin aka samu erase, share rubutu, aka kuma samu razor. Razor kuwa ita ce rezar da muke saya a kanti mu yanke farce. Ashe 'yar uwar kalmar ta daɗe a bakinmu ba mu sani ba.

Auta, mu shiga ciki. Yi a hankali, ƙasan da santsi.

Ga su nan. Waɗannan manyan duwatsu masu kama da taya su ne duwatsun wasa wuƙa. A waje akwai wata ƙatuwar ƙafa mai kama da ta keke da ruwan madatsa ke juyawa, ita kuma ta juya duwatsun ta hanyar bel na fata. Mai wasawa yana hawa kan wannan katakon kamar ya hau jaki, ya sunkuya, ya danna ƙarfen wuƙa a jikin dutsen da ke gudu. Akwai rubutaccen ambaton wannan wuri tun 1584, kuma an ci gaba da aiki a cikinsa har wajen 1930. Da sana'ar wuƙa da cokali da almakashi aka san Sheffield a duniya tun kafin a san ƙungiyoyin ƙwallonta.

Duk abin da ake yi a ɗakin nan shi ne abrade. Dutse yana cin ƙarfe, ƙarfe ma yana cin dutse, don kun ga wancan da aka jingine a lungu ya ƙanƙance, aiki ne ya cinye shi. Amma abin da aka goge ba ɓacewa yake yi ba. Yana zama ƙura, garin dutse da garin ƙarfe, kuma mutumin da ke sunkuye a kai shi ke shaƙa. Masu wasawa a jiƙe, dutsen yana ratsa ruwa, sun ɗan fi samun sauƙi. Masu wasawa a bushe, musamman masu yin cokali mai yatsu, ƙurar tana taruwa a huhunsu, numfashi ya riƙa yi musu wuya, da yawansu ba sa kaiwa shekara 40. Wani lokaci kuma dutsen ya fashe yana tsakiyar gudu, mutum yana zaune a kansa. Da na karanta wannan sai na tuna masu walda da ke amfani da injin gurza ƙarfe a bakin titi a gida, tartsatsi na tashi, ba tabarau ba abin rufe hanci. In kana da ɗan uwa mai wannan sana'a, don Allah ka yi masa magana.

To, yanzu gaskiyar da malamin Turanci ba lallai ya gaya muku ba. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin wani ya ce abrade a cikin bas ko a kanti ba. Ko sau ɗaya. Kalmar littafi ce, ta likitoci da injiniyoyi da masu nazarin duwatsu. Idan yaro ya ƙuje, uwarsa graze ko scrape za ta ce. Idan takalmi ya matse maka dunduniya har ya ci fata, rub za ka ji. Idan tayar mota ta suɗe, worn za a ce. Ka je gaban maƙwabcinka ka ce ɗanka ya yi abrade ɗin gwiwarsa, zai gane, amma zai yi maka wani irin kallo, kamar wanda ya shiga kasuwar Kurmi yana ciniki da Hausar labaran rediyo.

'Ya'yan kalmar su ne za ka riƙa karo da su kullum. Abrasion na takardun asibiti ne, har da ido: idan tsakuwa ko ƙura ta karce saman ƙwayar ido, corneal abrasion likita zai rubuta. Abrasive kuma duk wani abu ne mai kaushi da ake gogewa da shi, kamar samfefa, ko soson ƙarfe, ko dutsen da iyayenmu mata ke goge kaushin ƙafa da shi. Ku duba takardar da ke zuwa da sabuwar tukunya irin wadda abinci ba ya kamawa, za ku ga an ce kada a wanke ta da abrasive. Auta na dariya saboda shi ne ya kashe mini tawa da soson ƙarfe satin da ya iso. Ba komai, na yafe, amma ban manta ba.

Akwai kuma masu haɗa abrade da erode, kuma ni ma na yi ta haɗawa. Likitan haƙori ne ya raba mini su ba tare da ya sani ba. Ya duba bakina ya ce ina da abrasion a gindin haƙora, don ina danna buroshi da ƙarfi kamar mai wankin tukunya. Ya ce da a ce lemon kwalba ne ya ci haƙoran da tsaminsa, da erosion zai kira shi. Kun ga ke nan, erode ya fi faɗi, ya haɗa da abin da ruwa ko iska ko tsami ya zaizaye, irin zaizayar ƙasa da ke cin gonaki da damina. Abrade kuwa sai an goga.

Wanda ya fi burge ni shi ne yadda suke ɗora kalmar a kan mutum. Idan aka ce wane abrasive ne, ana nufin zama da shi kamar guga ne a jikin samfefa, magana ba taushi, kowa ya rabu da shi sai ya ji zafi. Ba wai mugu ba ne, yana iya zama mai gaskiya ma, amma ba ya tauna magana. Mu ma ai haka muke cewa, mai kaushin hali, ko ya yi magana da kakkausar murya. Kaushin dai shi ne. Sai dai ku kula, idan aka rubuta wannan kalma a rahoton aikinka, ba yabo ba ne, ko da an yi maka murmushi lokacin miƙa takardar. Mu da muka saba magana da ƙarfi, muna ɗaga murya ko a hirar daɗi, abu ne mai sauƙi a yi mana wannan fassarar.

Ga mutumin da ke kula da wurin can yana nufar makunnin ruwa, ina jin za su saki madatsar su juya ƙafar. Auta, zagaya ta baya da sauri ka ɗauko ta tun daga farawa, ni zan tsaya nan wajen duwatsun. Riƙe wayar da hannu biyu, kada ta faɗa rafi.