"Na gani da idona": lacca kan abin da marubuci ya tuna da abin da ya tabbatar

Assalamu alaikum. Jama'a, duk wanda ya saba sauraron marubuta suna bayanin yadda littattafansu na gaskiya suka samo asali, ba ƙagaggun labarai ba, ya sha jin wannan magana: "Ai ni da idona na gani." To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma a wannan aiki gani ba ya korar ji sai an tantance shi, domin ƙwaƙwalwa ba rikoda ba ce.

Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa. Washegari, masanin halayyar ɗan'adam Ulric Neisser ya sa ɗalibai a Jami'ar Emory suka rubuta inda suke lokacin da labarin ya same su, da wanda ya gaya musu. Bayan kimanin shekara biyu da rabi aka sake tambayarsu. Da yawa sun sauya wurin, sun sauya mutanen, alhali suna da yaƙinin cewa daidai suka tuna. Ba ƙarya suka shirga ba. Duk sanda mutum ya maimaita labari, ƙwaƙwalwa tana sake ɗinka shi, tana cike giɓi da abin da ya ji daga baya.

Saboda haka, kafin ka fara babi na ɗaya, ka jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata. Gaban kowanne ka sa alama: wannan na gani, wannan gaya mini aka yi, wannan yana cikin takarda. Wasiƙu, fasfo, rasit, hotuna masu kwanan wata, tsofaffin jaridu, su ne ma'auninka. In tunawarka ta saɓa wa takarda, kada ka gyara a ɓoye. Ka gaya wa mai karatu sun saɓa. Sau da yawa ma a nan armashin littafin yake.

In za ka yi hira da waɗanda abin ya faru a gabansu, ka gana da kowa shi kaɗai. In ka haɗa su wuri ɗaya, mai ƙarfin murya ne zai shafe tunawar sauran. Kuma kada ka fara ba su naka labarin, sai su bi ka da "haka ne". Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka ware awa huɗu zuwa shida don rubuta hirar awa guda, ka ajiye sautin a wuri biyu.

Inda aka fi zamewa shi ne kawo maganar wani kalma da kalma cikin alamar zance. Wa ke tuna kalmomin da aka faɗa shekara ashirin da suka wuce? In ba ka da sauti ko rubutu, ka ba da ma'anar kawai. In ka sauya sunan wani don rufa masa asiri, ka sanar a farkon littafi.

Ƙarin gishiri kuwa yana da tsada. Marubucin Amurka James Frey ya rubuta a littafin rayuwarsa na 2003 cewa ya yi kusan wata uku a kurkuku. A 2006 'yan jarida suka binciko takardun 'yan sanda da na kotu, ashe awoyi kaɗan aka tsare shi. Sai da kamfanin ɗab'in ya amince ya mayar wa masu saye kuɗinsu.