Amsoshin Tambayoyinku: Kyanwa da Muzuru a Bakin Bafaranshe

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah 'yar Katsina da aure ya kai ta Maraɗi. Ta ce kyanwarta ta daina cin abinci, takardun likitan dabbobi kuma duk da Faransanci suke, tana son kalmomin da za ta fara da su.

To Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kyanwa dai ita ce chat, amma kada ki karanta ta kamar "cat" ɗin nan na hira a WhatsApp. A Faransanci ch "sh" ce, t ɗin ƙarshe kuma ba a furta ta. "Sha" za ki ce, kamar shan ruwa.

Ga inda Bahaushe ke tuntuɓe. Mu idan mun ga mage sai mu ce "ta shigo", ba ruwanmu da bincike. Su kuwa Faransawa namiji suke ɗaukar ta: le chat. Macen ita ce la chatte, a ce "shat", sai dai ina ba ki shawara ki riƙe le chat a gaban mutane, domin waccan tana da wata ma'ana ta batsa a bakin 'yan tasha. Muzuru matou ne, "matu". Ɗan kyanwa chaton, "shaton", a hanci ake ƙarasa shi.

Likitan dabbobi vétérinaire ne, a taƙaice véto. Idan kin je, ki ce mon chat est malade, "mon sha e malad", wato ba ta da lafiya. Il ne mange pas, ba ta cin abinci. In ya ambaci puces, "pus", ƙuma yake nufi. Croquettes busasshen abincin nan ne na leda, litière kuma yashin da take bayan gida a ciki.

Wani ɗalibi daga Damagaram yana tambayar ma'anar la rage da ya gani a katin allurar magensu. Ɗan'uwa, ciwon haukan kare ne, kuma kyanwa ma tana ɗauka. Allurar ita ce vaccin. Idan mage ta yakushe ka ko ta cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ka nufi asibiti, ka ce le chat m'a griffé, ko m'a mordu in cizo ne.