Linux ko Windows: wanne ya fi sauƙin aiki?

Masu kallo, assalamu alaikum. Ku dubi kwamfutar nan da ke kan tebur. Ta hannu ce, ta kwana biyu, amma lafiyarta ƙalau. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ita kuma ba ta da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Shi ne mai ita yake tambaya: in na koma Linux, zan iya kuwa?

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows da macOS. Bambancin shi ne waɗancan biyun kamfani ne ke riƙe da sirrin ƙirarsu, ita kuwa a buɗe take, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba kyauta. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A da sai gwanaye, komai sai an rubuta umarni a baƙin allo. Fitowar nau'o'in Linux irin su Ubuntu a 2004 da Linux Mint a 2006 ta sauƙaƙa lamarin ƙwarai.

Gani ya kori ji. Ga filas mai ɗauke da Linux Mint na soka, na tayar da kwamfutar daga kansa. Mint ta buɗe, ba ta taɓa komai na cikin kwamfutar ba. Maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, inda hannun mai Windows ya saba zuwa. Firefox na nan don shiga intanet, LibreOffice na nan don rubutu da lissafi. In kana son ƙari, akwai rumbu guda da za ka shiga ka danna, ba sai ka bi shafukan da ke cusa maka ƙwayar cuta ba. Abin da ya fi burge ni, ba ta kashe kanta don sabuntawa kana tsakiyar aiki. Sai ka ga dama.

To amma mu faɗi gaskiya. Mai shagon buga katin biki da ke cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop, babu su a Linux. Akwai Inkscape da GIMP, sai dai koyo ne sabo, kwastoma kuma ba ya jira. Takardar Word mai tebura da yawa takan karkace in an buɗe ta a LibreOffice. Wata firintar tana kamawa nan take, wata sai an sha fama. Sannan in ta rikice, mai gyara a kasuwa Windows ya sani, da wuya bai ce maka a goge a mayar da Windows ba. A ganina wannan ne babban nauyin, ya fi na manhajar kanta.

macOS kuwa sumul take, don Apple ne ke ƙera na'urar da manhajar tare, amma sai aljihu mai nauyi.

Ɗalibi, malami, ko mai aikin intanet da rubutu, Mint za ta ishe shi, tsohuwar kwamfutarsa ma ta ƙara sauri. Kafin ka goge komai, kwashe fayilolinka tukuna. Tayar da ita daga filas, gwada Wi-Fi, gwada sauti, haɗa firintarka, ka buɗe takardar da kake aiki da ita kullum ka ga yadda ta fito.